Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Faɗuwar Gaba, Bawul Ɗin Zuciya da Ciwon Yayata

Da farko ina neman afuwar masu karatu saboda jina shiru da aka yi kwana biyu. Hidimar shago da zirga-zirgar asibiti ne suka sha mini kai. Yau ma zirga-zirgar asibitin ce ta kawo ni, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban fitar da ita ba ban yi wa 'yan'uwana adalci ba. Ni dai ba likita ba ne, ban ma taka jami'a ba. Daga sakandare shagon Baba na wuce, inda muke auna shinkafa da wake a nan Khaddamari, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jere. Baba kuwa daga ƙasar Damagaram ya zo ci-rani tun yana saurayi, ci-rani ya zama zama, a nan aka haife mu duka. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun shekarar 2022 ni ke riƙe da katin asibitin Yayata, ni ke bin layi, ni ke sayen magani, kuma abin da na koya a wannan tsakani shi nake son mai karatu ya sani tun kafin ya koye shi ta hanyar da muka koya.

Maganar a taƙaice ita ce: duk matashi ko matashiyar da zuciyarsa ke bugawa a hargitse, wato abin da muke haɗawa duka mu kira faɗuwar gaba, bai kamata a tsaya a kan jiƙo ko ƙwayar kemis ba, sai an kai shi an ɗauki hoton zuciyarsa an duba ƙofofin da ke cikinta. Idan kuma aka tarar ƙofa ta tsuke, to maganinsa wani tsohon magani ne mai araha, wanda ke tafiya tare da gwajin jini, kuma babu wanda ya isa ya canja masa shi don kawai an kawo sabo mai tsada. Bari in faɗi yadda aka yi na san haka.

Inna ce ta ba ni farkon labarin, domin a lokacin ina ƙarami ƙwarai. Ta ce Yaya tana wajen shekara goma ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ko yawu ba ta iya haɗiya. Aka kira wanzami ya cire mata beli, kamar yadda aka yi wa kusan kowa a cikinmu, bayan kwana uku ko huɗu ta warware, aka ce aikin wanzami ya yi kyau. Bayan kamar mako uku sai gwiwarta ta kumbura, tana lafawa ciwon ya koma idon sawu, daga nan ya haura wuyan hannu. Aka ce sanyi ne, aka shafa man zafi, aka ba ta jiƙe-jiƙe, shi ma ya wuce. Inna ta ce an sake yin haka sau biyu a wasu shekarun, duk da hunturu. Daga nan shiru. Yaya ta girma, aka yi mata aure aka kai ta Gwange cikin Maiduguri, ta haifi biyu lafiya, in ban da ɗan haki da take yi in ta ɗauki bokitin ruwa.

A cikinta na uku ne, a 2022, abin ya fito fili. Ba ta iya kwanciya sai ta jera matashin kai uku, da dare tari ya hana ta barci, ƙafafu suka kumbura. Mata suka ce ai cikin namiji ne, haka yake wahalarwa. Allah ya sauke ta lafiya, amma haki bai tafi ba, sai ma aka samu ƙari. Wata rana na je gaishe ta sai ta kama hannuna ta ce, "Auta, ji nake kamar an kulle tsuntsu a ƙirjina yana ta fuffuka." Wasu suka ce iska ce. Wasu suka ce tsorata ce, kuma a gaskiya ba a ga laifinsu ba, domin mu a Borno tun daga 2009 wa ke da gaban da bai taɓa faɗuwa ba? Wanda ya kwana yana jin ƙarar bindiga da tashin bam shekara da shekaru, in ya ce gabansa na faɗuwa ba wanda zai yi tunanin asibiti. Wannan ma wata ɓarna ce da rikicin ya yi mana wadda ba a lissafa ta: ya ba kowane ciwon ƙirji suna tun kafin likita ya gani.

Da mijinta ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka kai ta asibiti. Likitan da muka samu, Allah ya saka masa da alheri, bai fara da rubuta magani ba. Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta ya yi shiru kamar minti guda, sannan ya sa abin sauraro a ƙirjinta. Ya tura mu awon bugun zuciya da ake kira ECG, da kuma hoton zuciya da suke kira eko, wanda shi ma irin na'urar da ake duba juna biyu ce. Da sakamako ya fito ya dube ni ya ce, "Malam, ka san injin ban ruwa?" Na ce ranka ya daɗe, a fadamar Jere na tashi. Ya ce to zuciya ma inji ce, kuma bawul ɗin Yayarka ne ya lalace.

Ga bayanin kamar yadda na fahimce shi, da taimakon likitan da kuma wani abokina mai karatun aikin jinya. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi huɗu masu buɗewa gefe ɗaya kawai, kamar bawul ɗin taya ko na injin ban ruwa, don kada jini ya koma inda ya fito. Jinin da ya ɗebo iska daga huhu yana sauka a ɗakin sama na hagu, ya bi ta wata ƙofa mai suna maitral ya shiga ɗakin ƙasa na hagu, shi kuma ya tura shi duk jiki. Faɗin wannan ƙofa a jikin mai lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Idan ta tsuke ta koma 1.5 ko ƙasa da haka, likitoci na ɗaukar abin ya yi tsanani. To, da ƙofa ta tsuke jini sai ya riƙa taruwa a baya, ya koma wa huhu, shi ne haki da tarin dare. Ɗakin saman kuma sai ya yi ta buɗewa kamar buhun da ake dannawa fiye da ƙima. Shi ya sa ciki ke tona asirin wannan ciwo, domin jinin mace mai ciki kan ƙaru da kusan rabin yadda yake, ƙofar da dama da ƙyar take ɗaukar na kullum sai ta gaza.

Yanzu ga inda tsuntsun Yaya ya shigo. Zuciyar mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, bi da bi, bisa umarnin wata 'yar wutar lantarki da ke tasowa daga ɗakin sama. Idan ɗakin sama ya buɗe ya saki, wannan wuta sai ta rikice, ta riƙa tashi ta ko'ina fiye da sau 300 a minti, ɗakin ya daina matsawa ya koma karkarwa kawai. Likitoci na rubuta wannan da haruffa biyu a kati, AF. Ni ina kiransa karkarwar zuciya. Haɗarinsa shi ne, ɗakin da ba ya matsawa jini na kwanciya a lungunsa, jinin da ya kwanta kuwa daskarewa yake yi. Ranar da gudan jinin ya ɓalle, hanya ɗaya ce a gabansa, ya bi jijiya, kuma sau da yawa ƙwaƙwalwa yake nufa ya toshe ta. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda mu a gida muke cewa aljani ya mari mutum. Karkarwar zuciya ita kaɗai tana ninka haɗarin shanyewar jiki kamar sau biyar, in ta haɗu da tsukakkiyar ƙofa kuwa abin ya fi haka muni.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da likitan ya juya wajen Yaya ya tambaye ta ko tana yarinya ta taɓa yin ciwon gaɓoɓi mai yawo. Ashe tushen abin duka wancan ciwon maƙogwaron ne. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokus da ke kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma ta fi yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe. Ciwon kan lafa da kansa cikin kwanaki, ko an cire beli ko ba a cire ba. Amma a jikin wasu yaran, sojojin jikin da suka tashi yaƙar ƙwayar sai su yi kuskure su afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya, bayan mako biyu zuwa uku. Gaɓoɓi su warke, zuciya kuwa ta riƙe tabo, kuma duk sanda ciwon ya dawo tabon ƙaruwa yake yi, har bayan shekara goma ko ashirin ƙofa ta ƙanƙance. Allurar fenisilin guda ɗaya, ko ƙwayoyinsa na kwana 10, da sun isa su kashe wannan ƙwaya tun a maƙogwaro. Inna da ta ji haka kuka ta yi. Na ce mata, "Inna, ba laifinki ba ne, abin da kika sani kika yi." Amma mu da muka ji yanzu ba mu da wannan uzuri.

Kada mai karatu ya zaci gidanmu kaɗai abin ya faɗa wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, kuma yana kashe sama da 300,000 a kowace shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta. A watan Mayun 2018 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri na musamman a kansa. Akwai kuma wani bincike mai suna REMEDY, wanda ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman, aka wallafa shi a 2015. Tsaka-tsakin shekarunsu 28 ne, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da karkarwar zuciya. Da aka waiwaye su bayan shekara biyu, kusan kashi 17 cikin 100 sun riga mu gidan gaskiya. A Turai da Amurka karkarwar zuciya ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. A wajenmu kuwa sau da yawa ciwon mai goyo ne. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da nake son faɗa.

Likita ya rubuta wa Yaya magunguna: na rage gudun zuciya, na sa fitsari don rage ruwan huhu, allurar fenisilin duk wata don kada ƙwayar ta sake dawowa, sai kuma wata 'yar ƙwaya mai suna wafarin wadda ke hana jini saurin daskarewa. Abokina mai karatun jinya ya yi subutar baki a gaban Baba ya ce ai asalin wannan maganin ɓera ne. Baba ya ajiye mudu ya ce, "Maganin ɓera za a ba 'yata?" Kuma gaskiya ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata ciyawa da ta yi fumfuna. Wani masani a Jami'ar Wisconsin, Karl Paul Link, da ɗalibansa suka gano sinadarin da ke jawo haka. A 1948 aka fara sayar da wafarin a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 kuma aka ba Shugaban Amurka Dwight Eisenhower bayan ya samu bugun zuciya. Da Baba ya ji har shugaban ƙasa ya sha, sai ya ɗauki mudunsa ya ci gaba da awo.

Sai dai wafarin doki ne mai son linzami. In ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi, ta hanci, ko ma a cikin kai. Linzamin nasa shi ne gwajin jini mai suna INR, wanda ake son lambarsa ta tsaya tsakanin 2 da 3 ga mai irin ciwon Yaya, kuma ana yin sa a kai a kai, kamar duk wata in abu ya daidaita. Abinci ma na taɓa shi. Ganye irin su alayyafo da zogale na rage masa ƙarfi; ba a ce a daina ci ba, an dai ce kada yau a ci kwano guda gobe a yi wata ba a taɓa ba. Magungunan da muke saye kamar gyaɗa, irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac da Flagyl da Septrin, duk suna iya jawo zubar jini in an haɗa su da shi. Yana kuma iya cutar da ɗan tayi, don haka mai shansa ba ta ɗaukar ciki sai da shawarar likita. Mu kuma masu dangi a tsallaken iyaka mu kula: a ƙasashen renon Faransa an fi sanin wani ɗan'uwansa mai suna Sintrom, aikinsu ɗaya amma ma'auninsu daban, ba a musanya ƙwaya da ƙwaya.

Haka muka yi ta lallaɓawa, duk wata in baro Khaddamari in ɗauke ta a Gwange mu je gwaji, har ranar 10 ga Satumban 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Duk wanda ke Maiduguri ko Jere ya san abin da ya gani a wannan dare. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu, kai hatta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri bai tsira ba. Yaya ta fito da 'ya'yanta uku da zanen jikinta. Magani da katin asibiti, wanda tsautsayi ya sa na bar mata a wancan watan, duk suka bi ruwa. A cikin wannan ruɗani kowa ta abinci da wurin kwana yake yi, ni kaina ban tuna da 'yar ƙwayar nan ba, tunda ba ciwo take ji ba in ba ta sha ba. Ta yi fiye da mako uku babu wafarin. Wata safiya cikin Oktoba, tana gidanmu, kofin koko ya suɓuce daga hannunta na dama, bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. Maƙwabta suka ce a kira malami. Na ce a kira malami ya same mu a asibiti. Alhamdu lillahi magana ta dawo, tana tafiya da ƙafarta, amma har yau hannun bai iya tuƙa tuwo ba, kuma babbar 'yarta ce ke ɗaura wa ƙaramin wando. Wannan sakaci nawa ne, kuma ina faɗarsa ne don kada wani ya maimaita.

Bayan an sallamo ta sai wani ɗan'uwanmu, da kyakkyawar niyya, ya aiko da wani sabon magani mai tsada da ya saya a wani kemis. Mai kemis ɗin ya ce masa wannan shi Turawa ke sha yanzu, ba ya buƙatar gwajin jini, ba ruwansa da zogale. Wallahi na ji daɗi, na ce wahala ta ƙare. Allah ya taimake ni na kai wa likita kwalin kafin ta sha. Ya juya shi ya ce, "Malam, maganin kirki ne, amma ba nata ba ne. Mayar da shi." Sannan ya ba ni labarin wani bincike mai suna INVICTUS, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Agustan 2022. An ɗauki mutum sama da 4,500 a ƙasashe 24, har da Nijeriya, dukkansu masu karkarwar zuciya da ciwon bawul irin na Yaya. Aka raba su biyu, rabi aka ba su sabon magani mai suna ribaroksaban, rabi aka bar su a kan wafarin da danginsa, aka bi su kamar shekara uku. Masu binciken kansu sun sa ran sabon zai yi daidai da tsohon ko ya fi shi. Sai ga shi a cikin mutum 2,275 masu shan sabon, 560 sun mutu ko sun samu shanyewar jiki ko makamancin haka, a cikin 2,256 masu shan tsohon kuwa 446 ne. Wasu masana na ganin wani ɓangare na dalilin shi ne, mai shan wafarin dole ya riƙa zuwa gwaji, don haka likita na yawan ganinsa. Ma'ana, wahalar da muke gudu tana cikin maganin.

A kasuwa an koya mana cewa araha ba ta ado, kuma abin da ya fi tsada shi ya fi kyau. A nan wannan lissafi bai ci ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma don Allah kada a fahimce ni a baibai. Sababbin magungunan nan suna da kyau ƙwarai ga dattijon da karkarwar zuciyarsa ta samo asali daga hawan jini ko tsufa, ƙofofinsa kuma lafiya lau. A irin wannan likitoci ma sun fi son su. Matsalar ita ce, da ido ba a bambance wannan da wancan, bugun hannunsu iri ɗaya ne. Hoton eko kaɗai ke raba gardama. Saboda haka duk wanda ya sayar wa mai faɗuwar gaba maganin tsinka jini ba tare da takardar likita ba, caca yake yi da ran mutum.

Na san wani zai ce, kai ɗan kasuwa, ka manta da talauci ne? Wanda bai ci na dare ba ina ya ga kuɗin eko da na gwaji duk wata? Wannan magana ce ta gaskiya, ni ma na san abin da kuɗin mota da na gwaji ke ci a jarin shago. Amma tunda ɗan kasuwa aka kira ni, bari mu yi lissafi. A farkon hanya allura ɗaya ce. A tsakiya, allura duk wata da ƙwaya da gwaji. A ƙarshe kuwa aiki ne, ko dai a zura wata 'yar balan-balan ta jijiyar cinya a buɗe ƙofar, dabarar da likitan Japan Kanji Inoue ya ɓullo da ita a farkon shekarun 1980, ko a tsaga ƙirji a sa bawul na ƙarfe, wanda shi ma mai shi zai sha wafarin har ƙarshen rayuwarsa. Tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau miliyoyin naira ake magana. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007 ta yi wa dubban 'yan Afirka wannan aiki kyauta, sai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa hanyar ta yi wuya. Talaka shi ya fi kowa buƙatar a tare abin tun a maƙogwaro, domin can ne kaɗai aljihunsa zai iya.

Wani kuma zai ce ai ba kowane ciwon maƙogwaro ne ke taɓa zuciya ba. Haka ne, mafi yawansu mura ce kawai, kuma ɗura wa yara maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai shi ma ɓarna ne. Shi ya sa na ce a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, ban ce a tsaya a kemis ba. Kuma an gwada rigakafin nan an ga amfaninsa a ƙasa irin tamu. A Gulu ta arewacin Uganda, yankin da shi ma ya sha yaƙi, an duba 'yan makaranta da eko, aka samu waɗanda ciwon ya fara taɓawa ba su sani ba. Aka riƙa yi wa rabinsu allurar fenisilin duk mako huɗu har shekara biyu. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna a cikin waɗanda aka yi wa allura ƙasa da 1 cikin 100 ne ciwonsu ya ƙaru, a cikin sauran kuwa 8 cikin 100. In Gulu ta iya, me zai hana Jere?

Don haka ina da kira. Iyaye, yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a nufi asibiti da shi kafin a tuna da aska, in an ba shi magani kuma ya shanye duka ko da ya warware. Ciwon gaɓoɓi mai tashi daga nan ya koma can ba sanyi ba ne har sai likita ya ce sanyi ne. Magidanta, mace mai ciki da ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta a saurari ƙirjinta. Kowa kuma ya koyi jin bugun hannu: yatsu biyu a wuyan hannu ta ƙasan babban yatsa, a ƙirga minti guda, in bugun na tsalle-tsalle babu tsari, a je a yi awo. In baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a yi addu'a a cikin mota, kada a jira gari ya waye. Mai jinyar irin wannan mara lafiya ya ɗauki hoton katin asibiti da wayarsa, ya kuma ajiye maganin mako biyu a wani gida daban. Da na yi haka da wataƙila yau Yaya na tuƙa tuwonta.

Ga gwamnatin jihar Borno da ta Ƙaramar Hukumar Jere kuwa, roƙona ƙarami ne. Akwai na'urar gwajin INR 'yar ƙarama kamar ta awon sukari, ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya wadatar. A ajiye irinta a asibitocin da ke kusa da jama'a, a horar da ma'aikata, a tabbatar allurar fenisilin ba ta yankewa, a kuma buɗe rajistar masu wannan ciwo, ta yadda in wata annoba ta sake watsa mutane za a san su wa za a nema. An gina asibitoci, mun gani mun gode, saura a sa musu irin waɗannan ƙananan kaya. Mu ma 'yan kasuwa, yadda muke haɗa kuɗi in gobara ta ci shagon ɗan'uwa, kamar yadda aka yi bayan gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, za mu iya ware wani abu don kuɗin eko na matan da ba su da hali.

Jiya da yamma na tarar da Yaya a tsakar gida tana matsa ƙwallon roba da hannun dama, kamar yadda aka koya mata. Ta ce, "Auta, ranar Litinin ne gwaji, kada ka manta." Na ce, "Yaya, ko na manta da sunana ba na mantawa da wannan." Lambarta ta watan jiya 2.4 ce. Muna tara kuɗin aikin buɗe ƙofar kaɗan-kaɗan, muna kuma roƙon addu'arku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ya karanta wannan ya daure ya karanta wa iyayensa mata, domin su ne ke fara jin yaro ya ce wuyansa na ciwo.